Ba Don Gizo Ba Da Na Yi Ƙarya: Abin da Tatsuniya ke Ajiye wa Bahaushe

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san yadda ake buɗe ta. Mai bayarwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta," a wasu garuruwan kuma su ce, "Ta je ta dawo." Ya kuma san yadda ake rufe ta: "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," wata ma ta ƙara da cewa da ma ƙaryar ce ta shirga. Wannan rufewar ce ba kowa ke tsayawa ya duba ba. Tsohuwa ta kwashe rabin sa'a tana zuba labari, da waƙa da sauya murya, sannan da bakinta ta ce ƙarya ta yi. A wurin mutanen da kiran mutum maƙaryaci ke iya raba zumunci, me ya sa aka ware wani yanki na dare aka halatta ƙarya a cikinsa, har aka yi mata ƙofar shiga da ta fita?

A ganina amsar tana cikin kunya. Bahaushe ya gina zamansa a kan kunya da kara da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, talaka ba ya ɗaga ido ya ce wa mai sarauta ya yi zalunci, yarinya ba ta buɗe baki ta ce kishiyar uwarta na cutar ta. Wannan tsari yana kawo zaman lafiya, amma yana tara magana a ciki, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tatsuniya ita ce mafitar wannan magana. Da zarar an ce "ga ta nan," to, an shiga hurumin da babu mai kama wani da laifin abin da ya faɗa. Ai Kura ce ta yi, ai Gizo ne ya ce.

Na ga wannan da idona tun ban san sunansa ba. A gidan da na tashi akwai wata 'yar kawunmu da uwarta ta rasu, tana hannun matar uba. Wata rana aka nemi wani kwanon sha aka rasa, kowa a gidan ya san wanda ya fita da shi, amma marainiyar aka doka. Babu wanda ya ce uffan, don maigidan ba ya nan, kuma shiga tsakanin mace da 'ya'yan mijinta ba ƙaramin abu ba ne. Da daddare muka taru a ƙofar ɗakin kakarmu, ana farin wata, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ke kishiya, matso nan kusa da ni, yau taki zan yi." Muka ce, "Iya, ta Gizo muke so." Ta ce, "Gizo ya yi tafiya." Sai ta ɗauko ta Ruwan Bagaja, da muryar da ta fi ta kullum ƙarfi, yadda har ɗakin da ke can kusurwa ana ji.

Wanda bai san ta ba, ga gundarinta. Mutum na da mata biyu, mowa da bora. 'Yar mowa ta ɓata shimfiɗa da dare, aka ɗora wa 'yar bora, aka ce ta je ta wanke, kuma ba a kowane ruwa ba sai a Ruwan Bagaja, wanda ba a san inda yake ba. Ta kama hanya tana tambayar kowane kogi ko shi ne, kogunan suna yi mata tayin abubuwan daɗi tana wucewa. Ta isa wani gida ta tarar da cinya da kare, ba ta yi dariya ba, ba ta yi tsegumi ba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya ta dafa, ta dafa ba musu, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta bar masu kiran a ɗauke su ta ɗauki mai shiru, ta fasa a hanya, ta dawo gida da dawaki da dukiya. Mowa ta ga haka ta tura tata 'yar, ita kuma ta yi rashin kunya a kowane zango, ta dawo da abin kunya.

Kakarmu ba ta ambaci kwano ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Da ta ce ƙurunƙus, labulen ɗakin can ya motsa. Ba zan ce matar ta sauya hali daga ranar ba, don ba ta sauya ba. Abin da na sani shi ne kwanon ya dawo washegari ba tare da an tambayi inda ya kwana ba, yarinyar kuma ta kwana a bayan Iya, ta san cewa akwai wanda ya gani.

Ba banza ba ne kaka ta zama uwar tatsuniya. A tsarin zumuncin Hausa, tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai nauyi, amma tsakanin kaka da jika wasa ne. Tana kiran jikanta namiji mijinta, tana kiran ta macen kishiya, suna tsokanar ta tana ramawa. Ita kaɗai ce babba a gidan da yaro zai iya katse wa magana ya ce, "Iya, jiya ba haka kika ce ba." Ita kuma tsufa ya ɗauke mata tsoron kowa. Don haka ilimin da ba ya iya bi ta bakin uwa saboda alkunya, sai ya tsallake tsara ɗaya ya bi ta bakin kaka.

To, me ake ajiyewa a ciki? Nan ya kamata a bambance. Bahaushe yana da labari, yana da tarihi, yana da ƙissa ta annabawa, yana da hikaya da almara. Labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, ko na Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, ana ba da su ne a matsayin abin da ya faru, da sunan wuri da jerin sarakuna. Tatsuniya ba ta da wannan da'awar. Ba ta riƙe shekara, ba ta riƙe sunan gari. Garinta "wani gari" ne, sarkinta "wani sarki." Abin da take riƙewa shi ne yadda abu ke ji a jiki, da irin halin da yake fito da shi daga mutane.

Ɗauki yunwa. Ƙirga tatsuniyoyin Gizo da ke farawa da "wata shekara aka yi yunwa," za ka gaji. Ƙasar Hausa ƙasar damina ɗaya ce, in ruwa ya ɗauke ko fara ta sauka, shekara ta tafi. Tsofaffi sun riƙe sunan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, na bayansu sun ga farin 1973 da na 1984. Tatsuniya ba za ta gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan shekaru ba, amma za ta nuna maka magidancin da ya samo abinci a daji ya ɓoye wa matarsa da 'ya'yansa, ya dawo yana lashe baki yana kukan yunwa. Wannan magidancin Gizo ne, matar kuma Ƙoƙi. A wata, hankaki sun gano ɓaure a tsakiyar kogi, Gizo ya roƙe su kowa ya ara masa gashi ɗaya ya yi fiffike. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan bishiya ruwa ya kewaye shi. Yaro yana dariya, amma an dasa masa abin da manomi ya sani tun kaka da kakanni: ranar tsanani da aron gashin maƙwabta ake tashi, mai haɗama kuma shi ake bari a tsakiyar ruwa. Gayya da adashi da ciyayya duk a kan wannan fahimtar suke tsaye.

Ɗauki kuma mulki. A tatsuniyar Ta-kitse, tsohuwa na da wani ƙaton sa da take ji da shi. Gizo ya gani, ya sheƙa fada: "Sarki, Sarki, kunnenka nawa?" Sarki ya ce biyu. "Ƙara biyu ka sha labari." Kafin a ce kwabo an kama san an yanka, tsohuwa ta tashi da kitse da kayan ciki. Mutanen da suka biya haraji da jangali, suka ga dogarai a ƙofar gida, ba sa bukatar a fassara musu wannan. Sun san sarkin, sun fi sanin Gizon, wato ɗan unguwar da ke kai rahoton abin da ke cikin garken wani don a san da shi a fada. Ba a iya faɗar haka a dandali da rana. Da dare, da sunan ƙarya, an faɗa, yara kuma sun haddace.

Shi Gizon kansa abin a tsaya a kansa ne. Ƙarami ne, ba ƙarfi, ga tsamin baki, ga ƙarya, ga ci. Ba gwarzo ba ne, kuma ba a ce yaro ya yi koyi da shi ba. Amma shi ke kayar da Zaki da Giwa da Kura, kuma in ya yi nasara masu sauraro murna suke yi. Me ya sa al'ummar da ke yabon gaskiya da haƙuri take tafa wa maƙaryaci? Saboda mafi yawan masu sauraron, mata da yara da talakawa, su ne marasa ƙarfin. Sun san cewa wanda ba shi da ƙarfi da dabara yake kwana lafiya. Tatsuniya tana ba su wannan daɗin, sannan sau da yawa ta juya ta kunyata Gizo a ƙarshe, don kada daɗin ya yi yawa. Masu neman darasi guda ɗaya tak a kowace tatsuniya nan suke rikicewa. Wane darasi ne a ta Ɗan Auta, yaron da iyayensa suka bar wasiyya kada a bar shi ya yi kuka, ya ƙone rumbu, ya jawo wa yayarsa masifa iri-iri, sannan a ƙarshe shi ya kashe Dodo ya samu ɗaukaka? In ka ce tana horo a kan shagwaɓa yaro, ƙarshenta ya ƙaryata ka. Ni dai ina ganin tana faɗar abin da kowane gida ya sani ne: fitinannen yaro wani lokaci shi ke fitar da dangi kunya. Akwai ma waɗanda ake rufewa da tambaya, a ce "a cikinsu wa ya fi?" a bar yara su yi ta gardama har barci ya kwashe su, ba tare da an yanke hukunci ba.

Kada a ɗauka duk abin da ke cikin rumbun nan tsaba ce. Akwai tsakuwa. A Ruwan Bagajan da na yaba, sakayyar 'yar mowa ita ce ta dawo da ayarin kutare da makafi, wato an mai da masu lalura alamar tsinuwa, yara na ƙyalƙyala dariya. Kishiya kusan kullum muguwa ce, ta yadda yarinya ke shiga gidan miji da tsoron da aka shuka mata tun tana shekara shida. Baƙauye da wanda ba Bahaushe ba sukan fito a matsayin wawaye. Abin da al'umma ta ajiye ya haɗa da son zuciyarta. Sai dai tatsuniyar baka tana da wani sauƙi: mai bayarwa na iya gyarawa. Kowace tsohuwa tana ragewa tana ƙarawa gwargwadon waɗanda ke gabanta, shi ya sa ba za ka taɓa jin bakin mutum biyu ya zo ɗaya ba.

Batun rubutawa kuma yana da nasa tarihin, kuma farkonsa yana da ban tausayi. Dorugu yaro ne daga yankin Damagaram da aka kama bauta, daga baya aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, yana faɗa ana rubutawa, abin da ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Yaron da aka raba da uwa da uba da gari, bai fita da komai a hannu ba, amma labaran da ya ji a gida suna kansa. Bayan Turawa sun ci ƙasar, Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, yawancinsa daga takardun ajami da malamai suka rubuta, ciki har da waɗanda Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara. A 1913 ɗin dai R. S. Rattray ya fitar da nasa tarin, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Ghana yau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da tatsuniya ta yi tare da fataken goro na hanyar Gwanja, har ta zauna a zango. A can kuma Gizo ya tarar da takwaransa Ananse na mutanen Akan, shi ma gizo-gizo ne mai wayo, wanda bayi suka tsallaka teku da shi har Jamaika.

Duba jerin nan da kyau, za ka ga wani giɓi. Masu tarawa maza, masu rubuta musu maza, malamai. Masu abin kuwa mata ne da ke cikin gida, inda baƙo namiji ba ya shiga. Don haka abin da ya hau takarda shi ne abin da namiji ya tuna daga yarintarsa, an taƙaita, an daidaita. Waƙar da ke tsakiyar labari, wadda ita ce ranta, ta zama layi biyu marasa murya. Sai daga baya 'yan gida suka karɓi aikin. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, waɗanda ɗaliban firamare da yawa suka tashi da su, Dokta Bukar Usman kuma ya tara ɗimbi a Taskar Tatsuniyoyi. Abubakar Imam ma da ya shiga gasar rubutu ta 1933, sunan tsohuwar tatsuniyar nan ta Ruwan Bagaja ya ara ya sa wa littafinsa, har yau wasu matasa na zaton daga littafin sunan ya samo asali.

Waɗannan ayyuka sun ceci labaran, Allah ya saka musu. Abin da takarda ba ta iya ɗauka shi ne zaman, kuma a zaman amfanin yake. A lura da abin da ke faruwa a wannan rabin sa'ar. Yaran gida duka, 'yan ɗaki daban-daban, 'ya'yan kishiyoyin da ba sa ga-maciji, da agola da ɗan riƙo, suna kan tabarma ɗaya suna amsa amshi ɗaya. Ana kawo Dodo, gaban yaro ya faɗi, amma yana jingine da cinyar kakarsa, ya ɗanɗani tsoro daidai cikinsa, sannan a ce ƙurunƙus a rufe ƙofa a bar Dodo a waje. Kafin a fara ma an yi kacici-kacici, "ƙulin ƙulifita," a ce "gauta," wanda ya kasa ya ba da gari, a haka yaron da bai taɓa wuce bakin kasuwa ba yake jin sunan Katsina da Zariya da Agadas. In an zaga aka zo kansa, shi ma sai ya yi tasa, ya yi tuntuɓe, a gyara masa, ya koyi tsayuwa gaban mutane ya jera magana. Hatta camfin da ke cewa mai tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa yana da aikinsa: rana ta aike ce da gona da makarantar allo, dare kuma an killace shi don wannan.

An saba ɗora laifin mutuwar wannan zama a kan talabijin da waya. Suna da nasu kason, amma ni ina ganin sun tarar da gini ya riga ya tsage. Babban gida na gandu, inda kaka da 'ya'ya da jikoki ke ci daga tukunya ɗaya, ya watse. Jikoki suna ɗaki biyu na haya a birni, kaka tana ƙauye, ana haɗuwa da salla. Yaro ya dawo daga boko ya wuce Islamiyya, ya dawo ya yi aikin gida, uwa ta gaji. A makaranta kuma tatsuniya ta koma abin jarrabawa, a karanta shafi biyu a ce "kawo darussa uku," yaron da ya ce shi dai Gizo ya burge shi a ba shi sifili. Sannan ga abin da ya fi duka muni. A ƙauyuka da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato, daren kansa aka ƙwace. Inda mutane ke kwana a daji ko su kasa kunne suna jiran ƙarar babura, babu mai shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu suka cika makarantu da kangaye a manyan garuruwa. Yaran da suka fi kowa bukatar a ba su tsoro mai ƙofar fita, su ne suka ga na gaske. Masu kai agaji sukan yi maganar kula da lafiyar zuciyar irin waɗannan yara, kuma daidai ne. Zan so dai su lura cewa a cikin kowane ayarin 'yan gudun hijira akwai tsofaffin da suka iya wannan aiki tun kafin a ba shi suna, abin da suka rasa wuri ne mai aminci da cikin da ba ya kugi.

Abin dariya, Gizo bai rasa gida ba. Da intanet ta zo, Bahaushe ya rasa sunan da zai ba ta sai yanar gizo, kuma wanda ya ga irin ƙarya da wayo da ake saƙawa a cikinta ya san sunan ya dace. Ana sa tatsuniyoyi a YouTube, ana yin su da zanen katun, wasu ma da kyau. Wata ƙanwata da ke aure a Legas ta roƙi mahaifiyarmu ta riƙa aiko wa 'ya'yanta tatsuniya ta saƙon murya a WhatsApp. Ta turo mini na farkon in ji. Tsohuwa ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Sai shiru. Na ɗauka saƙon ne ya yanke, na duba, yana tafiya. Daƙiƙa huɗu ko biyar ba a jin komai sai kukan akuya daga nesa. Can sai na ji ta ce da wanda ke riƙe mata wayar, "Kai, ba su amsa ba."